Kundin aikin rubuta jagorar tiyatar ƙafa da idon sawu

3 ga Fabrairu

An fara aikin jagorar. Waɗanda ake rubuta wa su ne likitocin da ke koyon aikin ƙashi, ma'aikatan jinya na ɗakin tiyata da na ɗakin kwanciya, da masu gashin ƙashi. Kowane babi zai amsa tambaya huɗu: wa za a yi wa aiki, wane aiki, yaushe, kuma me ke ɓata shi.

Mun tsayar da cewa shafin farko ba zai yi maganar ƙashi ba. Ƙafa na da ƙasusuwa 26, amma daga ƙasan ƙwauri zuwa saman yatsu kusan babu tsokar da za ta rufe ƙarfe, fata ce kawai a kan ƙashi. Aikin da ya yi kyau a hoto yana iya ƙarewa da ɗinki a buɗe, farantin ƙarfe yana leƙowa. Don haka shafin na bincike ne. A taɓa bugun jini a saman ƙafa da bayan ƙullutun idon sawu na ciki. Idan ba a ji shi sosai ba, a auna ƙarfin jini a idon sawu a raba da na hannu: abin da ya gaza 0.9 alamar toshewar hanyar jini ce, wanda ya haura 1.3 kuma ba abin murna ba ne, yawanci jijiyoyin ne suka ƙandare, kamar yadda ake gani a masu ciwon suga. A gwada ji a tafin ƙafa da zaren nailan na giram 10. A yi gwajin HbA1c, wato na matsakaicin sugan jini a watannin baya. A tambayi shan taba kai tsaye, kuma aikin da ba na gaggawa ba ya jira sai an daina na mako huɗu zuwa shida. Duk wata nakasa, a ɗauki hotonta mutum yana tsaye a kan ƙafarsa, domin ƙafar da ke kwance a kan gado tana ɓoye rabin matsalarta.

12 ga Fabrairu

Daftarin babin karayar idon sawu ya kammala. Mun ɗauki rabe-raben Weber don sauƙin riƙewa: A idan fibula, siririn ƙashin da ke gefen ƙwauri ta waje, ya karye ƙasa da layin gaɓa, B idan ya karye daidai wurin jijiyoyin da suka ɗaure shi da ƙashin ƙwauri, C idan sama da su ne. Sai dai ba harafin ke kai mutum ɗakin tiyata ba. Abin dubawa shi ne ko ƙashin talus, wanda ƙwauri ke zaune a kansa a idon sawu, na zaune daram a gurbinsa. Binciken Ramsey da Hamilton na 1976 ya nuna cewa idan talus ya goce waje da milimita ɗaya kacal, faɗin wurin da gaɓar ke haɗuwa yana raguwa da kashi 42 cikin ɗari. Nauyin mutum bai ragu ba, wurin ɗaukarsa ya tsuke, sai guringuntsi ya cinye da wuri. Shi ya sa muka sa wannan ma'auni a cikin akwati: tazarar da ke tsakanin talus da ƙullutun ciki, idan ta wuce milimita 4 ko ta fi tazarar da ke saman talus, a ɗauka jijiyar da ke riƙe idon sawu ta gefen ciki ta tsinke. Karayar B da talus bai motsa ba ko a hoton tsaye, filasta ko dogon takalmin asibiti na mako shida ya wadatar.

Ga yadda muka jera aikin. A fara da fibula, a dawo masa da tsawonsa da juyinsa, domin inda fibula ya tafi nan talus ke binsa. Karayar da ta tafi a karkace ana matse ta da kusa mai zare ta milimita 3.5, sannan a ɗora siririn faranti a gefe, kusoshi uku sama da karayar, biyu ko uku a ƙasa. Na ƙasan kada su huda ɗaya ɓangon ƙashin, bayansa gaɓa ce. Ƙullutun ciki yana ɗaukar kusoshi biyu na milimita 4 masu zare a ƙarshe kawai, ko waya idan guntun ya yi ƙanƙanta ko ƙashin ya yi laushi. Kafin a rufe, a sa ƙugiya a ja fibula waje ana kallon hoto. Idan ya buɗe, jijiyoyin da ke tsakaninsa da ƙwauri sun tafi, sai a ratsa kusa daga fibula zuwa ƙwauri, santimita 2 zuwa 3 sama da gaɓa, a layi ɗaya da ita, a karkata digiri 20 zuwa 30 daga baya zuwa gaba tunda fibula na zaune ɗan baya. Kusar riƙo ce, ba ta matsi ba. Akwai kuma zare mai maɓalli biyu da ke yin wannan aiki ba tare da an dawo cirewa ba.

Inda aka fi samun ɓarna shi ne a ɗaure fibula bai zauna cikin kwarinsa ba. Hoton ƙashi na yau da kullum sau da yawa ba ya nuna hakan. Mun rubuta cewa a kwatanta da lafiyayyar ƙafar a hoton gefe, kuma idan da shakka a yi hoton CT. Tsohuwar ƙa'idar nan ta barin guntun da ya ɓalle a bayan ƙashin ƙwauri ba a ɗaure ba sai ya kai kashi ɗaya bisa huɗu na gaɓa mun ambace ta, amma mun ce siffar guntun a CT ta fi girmansa muhimmanci.

19 ga Fabrairu

Maganar lokaci ta ƙi shiga babin karaya, ta zama babi mai zaman kanta. Ƙofa biyu ce: ko a yi aiki a sa'o'in farko kafin kumburi ya taso, ko a jira ya sauka, abin da kan ɗauki mako ɗaya zuwa biyu. Alamar ita ce a lanƙwasa ƙafa sama a ga fata ta yi tamoji a inda za a yanka. Fata mai sheƙi da ta miƙe tsam ba ta ɗinkuwa, idan an tilasta mata bakinta ya yi baƙi. Bororo mai farin ruwa rauni ne na sama-sama, mai jini kuma ya fi zurfi, ba a bi ta cikinsa da wuƙa.

Jira bai shafi gocewa ba. Idon sawun da ya goce, fata ta yi fari a kan ƙashi, ana mayar da shi nan take a sa filasta ta baya, ba a jiran gari ya waye. Karayar da ta huda fata kuma tana buƙatar maganin kashe ƙwayoyin cuta ta jijiya cikin sa'a ta farko, da rigakafin tetanus, da wanki a ɗakin tiyata. Idan ƙasan ƙashin ƙwauri ne ya farfashe har cikin gaɓa, kamar bayan faɗowa daga sama, a fara da ƙarfen waje ya riƙe tsawon ƙafar, a dawo sa faranti bayan kwana 10 zuwa mako uku.

Ƙashin dunduniya mun taƙaita shi. Kusurwar Böhler, wadda ake aunawa a hoton gefen ƙashin, a lafiyayyar ƙafa tana tsakanin digiri 20 da 40, idan ta kwanta ƙashin ya nutse. Babban yanka mai kusurwa a gefen dunduniya yana nuna komai, amma daidai kusurwar ce fata ke mutuwa, musamman a masu shan taba. Ƙaramin yanka a ƙasan ƙullutun waje ya fi sauƙi ga fata, sai dai dole a yi shi da wuri kafin guntayen su fara kamawa. Gwajin da aka yi a Birtaniya aka buga a 2014 bai sami bambanci a fili ba bayan shekara biyu tsakanin waɗanda aka yi wa aiki da waɗanda ba a yi wa ba, matsaloli kuma sun fi yawa a waɗanda aka yi wa aiki. Gwajin bai haɗa da masu mummunar nakasa ba, kuma mun rubuta hakan kusa da shi don kada a karanta shi rabi. Nau'in da agara ke janye guntun ƙashi sama har ya danne fatar baya daga ciki, wannan na gaggawa ne.

5 ga Maris

Tsinkewar agara. Babin ya tsaya a tebur, ba a daidaita ba. Abin da kowa ya yarda da shi: tana tsinkewa ne santimita 2 zuwa 6 sama da inda ta kama dunduniya, wurin da jini ya fi ƙaranci. Mutum ya kwanta rub da ciki, a matse sharaɓarsa, idan ƙafa ba ta motsa ba ta tsinke. Iya ɗan lanƙwasa ƙafa ƙasa ba hujja ba ce, wasu jijiyoyin tsoka na iya yin hakan, kuma nan ne ake kuskuren cewa targaɗe ne. A tambayi ko ya sha magunguna irin su ciprofloxacin, ko an taɓa yi masa allurar sitiroyid a wurin.

Saɓanin a kan wa za a ɗinke wa ne. Ɗinki yana ɗan rage yiwuwar sake tsinkewa, amma yana zuwa da ciwon fata da ruɓar ɗinki. Ɗinki ta ƙananan huji ya rage matsalar fata, ya ƙara haɗarin kama jijiyar ji da ke bin gefen agara ta waje, mutum ya tashi da dindiris a gefen ƙafa. Rashin aiki kuma yana ba da sakamako mai kyau idan an sa ƙafar a nuna ƙasa tun kwanakin farko, aka bi da takalmi mai tudu a dunduniya ana rage tudun a hankali, aka fara taka ƙafa da wuri a ƙarƙashin kulawar masu gashi. Ra'ayin da ya fi rinjaye a yanzu shi ne a rubuta hanyoyin biyu, a ce zaɓin ya dogara da ko akwai mai gashin da zai bi mutum mako-mako. Wadda ta daɗe ba a gano ba, bakunan sun ja baya da fiye da santimita 5, ba ta haɗuwa da ɗinki, sai an aro jijiyar da ke lanƙwasa babban yatsa an dasa a dunduniya.

9 ga Maris

An sake zanen yankan gefen fibula. A sabon zanen an nuna jijiyar ji da ke fitowa ta tantani wajen santimita 10 zuwa 12 sama da ƙarshen ƙullutun waje ta gitta gaba. Wurinta yana bambanta daga mutum zuwa mutum, don haka rubutun ƙasan zanen ya ce a neme ta, kada a yi zato.

24 ga Maris

Babban yatsa. Karkacewarsa zuwa sauran yatsu ana auna ta da kusurwa biyu a hoton tsaye: wadda ke tsakanin yatsan da dogon ƙashin da ke bayansa, daidai ɗinta ƙasa da digiri 15, da wadda ke tsakanin dogon ƙashi na farko da na biyu, ƙasa da digiri 9. Jimlar farko ta babin ita ce ciwo ne dalilin aiki, ba muni ba. Yatsan da ya karkace ba ya ciwo, faffaɗan takalmi ya ishe shi.

Karkacewa kaɗan zuwa matsakaiciya, yankan Chevron kusa da kan ƙashin, a tura kan zuwa waje a riƙe da kusa ɗaya. Matsakaiciya zuwa babba, yankan Scarf a tsawon ƙashin da kusoshi biyu. Idan gaɓar da ke gindin ƙashin ta saki ko ta cinye, sai aikin Lapidus, wato a haɗe gaɓar gaba ɗaya. Aske ƙullutun kawai ba tare da an gyara kusurwar ba, wannan mun ce a daina, karkacewar dawowa take. Sauran ɓarnar: a gyara fiye da kima yatsa ya juya ɗaya gefen, a gajarta ƙashin ko a ɗaga kansa, nauyi ya koma ƙarƙashin yatsa na biyu ya yi kanta mai ciwo, ko a yi ta saki a kewayen kan ƙashin har jininsa ya yanke.

Ƙagewar gaɓar babban yatsa daban ce. Tun da wuri, a sare tsiron ƙashin sama tare da kusan kashi ɗaya bisa huɗu na saman kan. Idan guringuntsi ya ƙare, haɗe gaɓa ya fi dogaro, yatsan yana ɗan ɗage da digiri 10 zuwa 15 daga ƙasa. A ɗakin tiyata a ɗora faffaɗan abu a tafin ƙafa a danna: idan yatsa ya danne shi zai sha wahala a tafiya, idan ya ɗage da yawa zai gogi takalmi.

8 ga Afrilu

Cinyewar gaɓar idon sawu, ba kamar gwiwa da ƙugu ba, mafi yawanta tsohon rauni ne ke jawo ta, don haka masu ita ba su cika zama tsofaffi ba. Wannan ya shafi zaɓi. Haɗe gaɓa yana kashe ciwo kuma yana jure aikin ƙarfi. Matsayinsa shi ne komai: ƙafa daidai kusurwar tsaye da ƙwauri, dunduniya ta karkata waje da digiri 0 zuwa 5, ƙafar ta juya waje da digiri 5 zuwa 10. Idan aka haɗe ta tana nuna ƙasa, gwiwa ce za ta riƙa biyan bashin da kowane taku. Bayan shekaru gaɓoɓin da ke ƙasa da ita suna cinyewa saboda ƙarin aiki. Gaɓar roba da ƙarfe tana barin motsi, amma tana son ƙashi mai ƙwari, ƙafa miƙaƙƙiya, fata lafiyayya, kuma tana iya saki. Mun hana ta ga mai ciwo mai mugunya a gaɓar, da wanda jinsa ya mutu, da wanda talus ɗinsa ya rasa jini sosai.

Yawan targaɗe ya sami shafi ɗaya. Wata uku zuwa shida na gashi da horon tsayuwa tukuna. Idan bai yi ba, aikin Broström, wato a tsuke jijiyoyin waje a ƙarfafa da tantanin da ke kusa. Kafin nan a tsaya bayan mutum a kalli dunduniyarsa: idan ta karkata ciki ba a gyara ba, ɗinkin zai sake saki.

21 ga Afrilu

Ƙafar mai ciwon suga ta ci zama biyu. Tsarin da muka amince da shi shi ne mugunya, jini, sannan matsi, a wannan jeri. Mugunyar da ta taru a tafin ƙafa ana tsaga ta a ranar, domin tana bin kuben jijiyoyi ta hau sama cikin sa'o'i, kuma mai ita ba lallai ya ji zafi ko ya yi zazzaɓi ba. A zura siririn ƙarfe mai tsabta cikin gyambon: idan ya taɓa ƙashi, a ɗauka cutar ta kai can. Samfurin da za a kai ɗakin gwaji a yanko shi daga zurfi bayan wanki, ba a shafo saman gyambo da auduga ba.

Ba a yanke yatsa a rufe kafin a san jinin da zai warkar da wurin. Ƙarfin jini a yatsa da ya gaza milimita 30 na ma'aunin merkuri yana nufin ɗinkin ba zai kama ba sai an buɗe hanyar jini. Idan an tsallake wannan, yau yatsa ne, wata mai zuwa rabin ƙafa. Idan an yanke ta tsakiyar dogayen ƙasusuwa, a bar fatar tafin ƙafa da tsawo ta naɗo ta rufe, a sare ƙasusuwan a jere ba mai tsini, a kuma duba agara. Yawanci takan janye guntun ƙafar ƙasa, bakinsa ya riƙa dukan ƙasa har sabon gyambo ya fito, don haka sau da yawa ana tsawaita ta a zama ɗaya.

Ƙafa mai zafi, ja, kumburarriya, babu gyambo, a mai suga da jinsa ya mutu: a ɗauke ta a matsayin ƙafar Charcot, wato rugujewar ƙasusuwa da gaɓoɓin ƙafar da jinta ya mutu, har sai an tabbatar ba ita ba ce. A wannan mataki maganinta filasta mai bin siffar ƙafa da hana taka ta, na watanni. Gyara da ƙarfe sai ta huce, kuma sai idan takalmi na musamman ya kasa ɗaukarta. Mai suga da ya karya idon sawu kuma, mun rubuta a ƙara masa kusoshi kuma a ninka lokacin da ba zai taka ba.

6 ga Mayu

Lanƙwasasshiyar ƙafar da ake haihuwar jariri da ita. Babin gajere ne domin babban yanka ya daina zama matakin farko. Hanyar Ponseti, wadda aka samar a Iowa ta Amurka, ita ce a riƙa miƙa ƙafar da hannu ana sa filasta daga yatsu har cinya, gwiwa a lanƙwashe, ana sauyawa duk mako, yawanci sau biyar zuwa takwas. Yatsan mai gyara yana kan talus ta waje, ba a kan dunduniya ba, idan ya danne dunduniya ya hana ta juyowa. Nunin ƙasa shi ake gyarawa a ƙarshe. Mafi yawan jarirai na buƙatar a tsinke agara ta ƙaramin huji, sannan filasta ta ƙarshe ta mako uku, cikinsa jijiyar ke sake haɗuwa da sabon tsawo. Tilasta ƙafa sama ba tare da wannan ba yana karya ta a tsakiya, tafin ya bunƙaro ƙasa.

Daga nan sai takalma biyu masu sanda a tsakani, ƙafar da aka gyara a juye waje da digiri 60 zuwa 70, sa'a 23 a rana na wata uku, sannan lokacin barci har shekara huɗu zuwa biyar. Barin takalman nan shi ne babban dalilin dawowar nakasar. Ma'aikatan jinya sun nemi a fitar da wannan sashe a takarda daban da za a miƙa wa iyaye, an amince. Yaron da ƙafarsa ke juyawa ciki idan yana tafiya, bayan shekara biyu da rabi zuwa uku, ana iya mayar da jijiyar gaban ƙwauri zuwa ƙashin tsakiyar ƙafa ta waje, amma sai an sake miƙa ƙafar da filasta tukuna.

15 ga Mayu

Teburin bayan aiki ya dawo daga masu gashi da gyara uku. Na ɗaya, "a ɗaga ƙafa" bai isa ba, a rubuta sama da matakin zuciya, yawancin yini, na mako biyun farko. Na biyu, zaren ɗinki a ƙafa ya kai kwana 14, a masu suga da masu taba har mako uku. Na uku, a sa layin tantance haɗarin daskarewar jini ga duk wanda aka sa wa filasta aka hana taka ƙafa. Mun ƙara gargaɗi a kan allurar kashe zafi ta bayan gwiwa: tana iya kai yini guda, don haka a fara maganin sha kafin ta sake, kuma zafin da ke ƙaruwa duk da magani, musamman idan an miƙe yatsu, yana nufin a tsaga bandeji da filasta har fata a kira likita.

Saura babin shafaffen tafin ƙafa na manya, raunin tsakiyar ƙafa na Lisfranc, da karayar gindin ƙashin ƙaramin yatsa. Babin agara zai koma tebur a zama na gaba tare da jadawalin rage tudun takalmi da masu gashi za su kawo.